Tukuna, Sai Mai Ya Hau

Kafin mai faci ya kunna injinsa na iska ya hana kowa jin maganar kowa a layin, akwai wani dattijo da ya riga ya buɗe ƙofar garejinsa. Ba sifana yake fara ɗauka ba. Tsintsiya yake ɗauka, ya share daɓen tas, ya yayyafa ruwa, sannan ya wanke hannunsa da sabulu kamar mai shirin cin abinci. In ka tambaye shi me ya sa makanike zai wanke hannu kafin aiki, alhali kowa ya san bayan aiki ake wankewa, sai ya ce maka ƙwayar yashi ɗaya ta ishi inji ciwo. Daga nan ya jera sifanoninsa a kan tebur, ƙarami na bin babba, ya ja kujerarsa, wadda asalinta kujerar wata mota ce da ta daɗe da barin titi, ya zauna yana sauraron masu wucewa. Motocin unguwar duk ya san su ta murya. Yakan ce wannan ta kwana lafiya, waccan kuwa mai ita yana yi mata rowar mai.

Baba Tukuna ake ce masa. Mu masu motoci muka raɗa masa sunan, kuma Allah ya sani ba da ƙauna muka fara ba. Ka kai masa mota, a sauke inji, a wasa abin wasawa, a sa sababbin ringi, a mayar da komai, ka zo da zumuɗinka ka miƙa hannu ga makulli, sai ka ji murya daga ƙarƙashin bonet: “Tukuna.” Ka ce kana sauri, ya ce maka sauri ya haifi nawa. Ka ce ana jiranka, ya ce su ma su yi tukuna. Mun yi gunaguni a bayan idonsa har mun gaji, wasu ma sun yi zuciya sun kwashe motocinsu sun kai wa masu hanzari. Yawancinsu sun dawo ana janye da motar da igiya, suna sosa ƙeya. A ƙarshen watan nan yake ajiye sifana, shi ya sa na ga bai kamata mu bar shi ya tafi shiru ba. Yabon gwani ya zama dole, gara kuma a yi shi gwanin yana ji da kunnensa.

Abin da yake sa mu jira ba wani asiri ba ne. A wurinsa, sabon inji mai ƙishirwa ne, kuma ba a sa mai ƙishirwa aiki sai ya sha. Sai ya cire fulogai duka, don injin ya juya amma kada ya kama. Ya buɗe murfin sama, inda ƙananan hannayen ƙarfen nan masu danna bawul suke jere. Sannan ya ce a murɗa makulli. Injin na juyawa a hankali, ba wuta ba hayaƙi, shi kuwa ya sunkuya yana jiran mai ya taso daga kwanon ƙasa, ya bi famfo, ya ratsa filta, ya hau ta siraran hanyoyin da ke cikin ƙarfen, har ya ɓullo a can ƙololuwa. Sai ya dangwala da yatsa ya murza, sannan ya yarda a mayar da fulogai. Jar fitilar nan ta gaban direba, mai kama da ’yar buta, wadda mu muke ganin in ta mutu to lafiya lau, shi ba ya sakankancewa da ita. “Labarin ƙasa take bayarwa,” in ji shi. “Ba ta taɓa hawa sama ta gani ba.”

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi a wannan lokacin ya san garejin yakan yi wani irin tsit. Hasken rana na zubowa ta hujojin kwanon rufi, yana sauka a kan ƙarfe da kan furfurarsa, shi kuwa ya lumshe ido, leɓensa na motsi. Dogo, babban almajirinsa na sana’a, wanda yanzu shi ma furfura ta fara yi masa sallama, ya ce da can yana zaton addu’a yake yi. Ashe man yake rakawa. “Yanzu ya bar famfo. Ga shi a filta. Ya sha kwana, ya rabu biyu, rabi ya yi ƙasa, rabi ya nufo mu.” Ya san cikin inji yadda mutum ya san lungunan unguwar da ya yi ƙuruciya a cikinta, kuma yakan bi su a ransa ba tare da ya ɗaga ƙafa ba.

Direban motar asibiti ya ba ni nasa labarin. An haɗa musu inji a wani wurin, aka kawo wa Baba don ya gyara musu burki kawai. Yana jin an ce sabon haɗi ne, sai ya ce ba za ta fita ba sai ya ga mai ya hau. Daga asibiti ana ta kiran direban, shi kuma yana ta safa da marwa kamar zai yi kuka. Man ya hau, amma da ƙyar, kamar mai jan ƙafa. Baba ya ce wannan hawan bai yi masa ba. Ya sauke kwanon ƙasa, sai ga guntattakin gam sun toshe rariyar da ke tsotso man, saura ’yar kafa kaɗan. “Da na ja ta a ranar,” in ji direban, “a tsakiyar daji za ta tsaya mini, da mai naƙuda a baya.” Yaran da aka haifa bayan motar nan ta kai uwayensu lafiya yanzu sun zama magidanta, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan Baba a cikinsu.

Kai ne, Baba, mai tsayawa a inda kowa ke gudu. Kai ne aka zaga da safe aka yi wa godiya da yamma, ba ka riƙe zagin ba, ba ka kuma tsaya karɓar godiyar ba.

Amma akwai mota ɗaya da ta fi kowace shan tukuna, mai ita kuma ta fi mu duka haƙuri. A can ƙuryar garejin take, a kan bulo, an lulluɓe ta da tamfol. Gangar jiki kawai ya saya, ba inji, tun suna sabon aure da matarsa, wadda mu muke kira Inna, shi kuwa yake kiranta Tela saboda ɗinki ne sana’arta. A bakin wani babban kogi aka haifi Inna, can nesa. Ranar da aka turo motar, ya ce mata, “Wata rana a cikin wannan zan kai ki, ki sa ƙafa a ruwanku.” Ta je wasu lokuta a motar haya tun iyayenta na da rai. Daga baya gwiwoyinta suka ƙi matsin motar haya, ita kuma ta ce to ta daina, sai in a motarta. Alƙawari kaya ne, kuma Baba ya daɗe yana ɗauke da wannan.

Ba ragwanci ne ya hana shi ba. Duk sa’ad da ya samo wani abu na injin ya adana, sai Allah ya kawo mai irin motar, ta mutu masa, iyalinsa kuma da ita suke ci. Baba ya dubi mutumin, ya dubi tamfol, ya shiga ƙuryar ya ɗauko. Famfon mai ya tafi haka, fistin ya tafi, kiransha ma, babbar sandar nan da fistin ke juyawa, sau biyu tana tafiya. Inna takan ce rabin motarta yana yawo a cikin motocin mutane, ya riga ta zuwa ko’ina. “Ni matar makanike ce,” in ji ta, “shi ya sa takalmana suka fi na kowa cinyewa.”

Duk da haka, da la’asar in aiki ya lafa, takan rufe keken ɗinkinta ta tako zuwa garejin. Su yaye tamfol, ya shiga mazaunin direba, ta zauna a gefensa, ’yarsu Auta tana ƙarama a kujerar baya. Ya riƙe sitiyari, motar na kan bulo, Inna kuwa ta riƙa faɗa masa hanya. “Nan za ka sha kwana, akwai wata doguwar bishiya. In ka wuce gonaki za ka fara jin iska ta canza, tana ƙamshin laka. Rage gudu, Malam, akwai shanu.” Shi kuma ya rage. Mai faci ya ce ya sha leƙowa ya gan su, ya koma a hankali don kada ya tare musu hanya. Haka Auta ta girma ta san hanyar kogin da ba ta taɓa gani ba, har ta yi aure, ta koyi tuƙi, ta haifi nata.

A bana ne ya ce ya isa. Ya daina ba kowa komai daga ƙuryar, ya haɗa injin shi kaɗai, bai bari ko Dogo ya sa masa hannu ba. Irin wannan injin ya ƙare a kasuwa. Kan injin ma sai da Dogo ya zaga duk inda ake sayar da tsofaffin kayan mota kafin ya samo ɗaya, mai shi kuma ya rantse ba zai sake ganin wani ba. In ya lalace, motar ta koma kan bulo ke nan har abada, kowa ya san haka.

Ranar tayarwa da hantsi muka taru, ni da mai faci da direban motar asibiti da Dogo. Motar ta sauko daga bulo, an sa mata tayoyi, an wanke ta. Inna ta zo da jakarta a ɗaure, ta sa sabon mayafi, ta shiga ta zauna. Auta ce a wurin makulli. An cire fulogai, an buɗe murfin sama, Baba ya sunkuya ya ce, “Bismillah, murɗa.”

Injin ya juya. Ba a jima ba Auta ta ɗaga murya, “Baba, fitila ta mutu!” Muka hau tafi. Shi bai ɗago ba. Idonsa a lumshe, ya raka man har inda ya saba, ya miƙa yatsa ya shafa ƙarfen sama, ya murza. Ba komai. Ya ce a sake. Aka sake, ya kuma shafawa. Ƙarfen a bushe yake ƙayau.

“Haba Baba,” in ji mai faci, “fitila fa ta mutu. A sa fulogi mu ji muryarta mana.”

Dogo ya matso, ya yi ƙasa da murya. “Wataƙila in ya kama, ƙarfin zai tura man sama.”

“In kuma bai tura ba fa?” Baba ya tambaye shi. “Kafin ka gama murna ƙarfe ya cinye ƙarfe.”

Sai Inna ta leƙo ta taga. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Malam, yau ma?”

Na sha jin kalmar nan daga bakinsa, amma ban taɓa jin ta yi masa nauyi kamar ranar ba. Ya daɗe yana kallon tsumman da ke hannunsa. Mu dai mun tausaya masa, mun kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda. Sannan ya ce, “Tukuna, Tela.”

Ta bar jakarta a kan kujera, ta fito a hankali tana dafa mota, ta zo ta tsaya kusa da shi.

Ya fara bin sawun man tun daga tushe. Ya zaro sandar awo, mai ya cika daidai. Ya kwance filta, ta cika taf, ke nan famfo na aiki. Ya ɗaura agogonsa na awon ƙarfin mai a jikin injin, aka juya, allurar ta tashi yadda ake so. “Ƙasa ta ƙoshi,” ya ce. “A kan hanyar hawa aka tare shi.” Ya kwance sandar da ke riƙe da hannayen bawul, ya ɗauko wata siririyar waya. Akwai ’yar huda a kusurwar baya ta kan injin, ta nan man yake ɓullowa, kuma ita yake so ya zura wa wayar. Ya kai hannu, wayar ta zame. Ya sake, ta wuce gefe. Ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa ƙarfe, wayar na ta lalube. Muka dubi juna, kowa ya kawar da kai.

“Ba ni nan,” in ji Inna. “Ni da nake zura zare a kafar allura tun kafin ka san sifana.”

Ya miƙa mata ba musu. Ta zura sau ɗaya, wayar ta shige, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, sai ta tsaya cak. Ya ce ta riƙe daidai bakin hudar da farce ta zaro. Ya karɓa, ya gwada tsawon a gefen kan injin, ya zo daidai da inda kan ya haɗu da gangar injin. A nan ake shimfiɗa gaskit, wato faifan nan mai ramuka da ke shiga tsakaninsu.

Shi da Dogo suka kwance kan injin suka ɗaga. Kafin wani makanike ya yi magana, Inna ta duƙa ta duba, ta ce, “Malam, ai a baibai ka shimfiɗa shi.” Haka ne kuwa. Manyan ramukan duk sun hau daidai, shi ya sa ya zauna lafiya kamar ba komai, amma ’yar ƙaramar hudar mai ta koma ɗaya gefen, inda babu hanya. Man ya taso da ƙarfinsa ya tarar da ƙofa a rufe.

Dogo ya yi saurin cewa, “Ni ne, Baba, ina jin ni na juya shi da nake share tebur.”

“Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba,” in ji Baba. “Ni na sa. Akwai ’yar alama da ke nuna fuskar sama, ban gan ta ba. Na daɗe ba na ganin ƙananan abubuwa, da hannu nake gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Inna ta dube shi ta ce, “Ka zaci ban sani ba? Tun bara kake yi wa keken ɗinkina sallama kana zaton ni ce a zaune.” Muka bushe da dariya, har shi, yana share ido da bayan hannu. Ni dai na san dariyar nan tawa da ƙwalla ta fito.

Gaskit ɗin da aka riga aka ɗaure ba ya komawa, amma Baba bai taɓa sayen gaskit ɗaya ba, akwai na biyu a cikin takardarsa. Wannan karon Inna ce ta shimfiɗa. Ta ɗaga shi ga haske, ta duba fuska da baya yadda take duba yadi kafin ta sa almakashi, ta daidaita ’yar hudar a kan ’yar’uwarta, ta kama yatsansa ta ɗora a wurin don ya ji da kansa. Ɗaurin ya ci sauran yinin, jakarta kuwa ta kwana a motar, ta ce ba mai fitar mata da ita.

Washegari da hantsi muka dawo. Auta ta murɗa. Baba ya lumshe ido ya fara rakiya, wannan karon a fili. “Ya bar famfo. Ga shi a filta. Ya sha kwana. Ya zo ƙofar.” Inna na sunkuye a gefensa, ita ce idon. Can sai ta kama hannun rigarsa. “Ga shi nan, Malam! Yana tsattsafowa, kamar in mun tona yashi a bakin kogi.” Ya miƙa yatsa ya dangwala, ya murza, ya daɗe yana murzawa. Man ya bi hannayen ƙarfen ɗaya bayan ɗaya har suka yi sheƙi.

Aka mayar da murfi, aka mayar da fulogai. Auta ta ɗora hannu a kan makulli, ta dube shi. Mu ma duk shi muke duba. Ya ce, “Yanzu.”

Injin ya kama da murya mai laushi, ba ƙara ba tari. Baba ya saurara har ya gamsu, ya rufe bonet, ya wanke hannu. Ya nufi ƙofar direba kamar yadda ya saba a duk la’asar ɗin nan, ya kama mariƙin, sai ya tsaya. Ya sake shi, ya zaga, ya buɗe ƙofar baya ya zauna. Inna ta ɗauko jakarta daga gaba ta koma kusa da shi. “Auta, a hankali, sabon inji ne,” in ji shi. Sannan ya juya ga matarsa. “Ki faɗa mini hanyar, Tela, yadda kika saba.”

Da suka dawo, Auta ta ce doguwar bishiyar tana nan, shanun ma sun tare su. Ta ce da iska ta canza, shi ya riga kowa ji. Inna ta sa ƙafa a ruwansu, shi kuma ya tsaya a bayanta, takalmansa a hannu, idonsa a lumshe yana sauraro.

Baba, mun gode. Mun gode da motocin da suka kai mu gida ba mu san dalili ba, da kayan ƙuryar da ka raba mana muna zaton sa’armu ce. Mun gode da ka iya ce wa wadda ka fi ƙauna tukuna, a ranar da cewa “to” ya fi komai sauƙi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da Tela. Ku kuma masu sifana da masu allura, masu alli da masu sitiyari, duk wanda wani ya ba amanar aiki, kada mutuwar jar fitila ta ishe ku. Ku buɗe murfin ku duba sama, ku taɓa da yatsanku. Tun watan bai ƙare ba garejin ya koma hannun Dogo, bulon nan kuma har yau suna ƙuryar, ya ƙi kwashewa. Jiya na kai masa tawa motar, ya gama haɗawa, na miƙa hannu ga makulli, sai na ji muryar Dogo daga ƙarƙashin bonet: “Tukuna.” Na janye hannuna, na ja tsohuwar kujerar na zauna.